Tseren zurfi a Gombe: ta ina za a riƙe linzamin haƙar bohol?

A sababbin unguwannin Gombe, musamman na tudun yamma wajen Tumfure da kan hanyar Bauchi, mai gini yakan kira injin haƙa tun kafin ya kira kafinta. Rijiyar burtsatse, wadda kowa ke kira bohol, ta zama ɓangaren gida kamar ƙofa da katanga. Damuwar takan fito ne bayan wasu shekaru, a tsakiyar zafin Maris da Afrilu. Famfon da ke cika tanki cikin awa biyu sai ya koma tari, ya tofo ruwa ya tofo iska. A kira mai haƙa, ya leƙa ya ce, "Alhaji, ruwa ya gudu ƙasa, sai an ƙara zurfi." Wanda ke da hali ya haƙa sabuwa ya zarce maƙwabcinsa, maƙwabcin kuma ya fara lissafin tasa. Wanda ba shi da hali ya koma jiran 'yan ga-ruwa.

A tsofaffin unguwanni irin su Jekadafari, Bolari, Herwagana da Kumbiya-Kumbiya, matsalar ta ɗauki wata fuska. Gidaje a cunkushe suke, masai da sokawe suna kusa da duk inda za a kafa injin haƙa, don haka tambayar ba ta tsaya kan ko akwai ruwa ba, ta kai ga wane irin ruwa ne. Ƙarancin ruwa da gurɓatarsa a garin nan tagwaye ne, kuma hannu ɗaya ne ke iya hana su ko ya jawo su: hannun wanda ya haƙa ramin.

Abin da ke ƙarƙashin garin

Gombe ta asali, wato Gombe Abba, tana bakin kogin Gongola. An dawo da hedikwatar masarauta Doma, wato garin Gombe na yanzu, a 1919, wurin da babu kogin da ke gudana duk shekara. Da garin ya zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba 1996, jama'a suka yi ta kwararowa, har ƙidayar 2006 ta sami sama da mutum 260,000 a ƙaramar hukumar Gombe kaɗai. Tun daga lokacin gine-gine sun tsallaka cikin Akko da Kwami da Yamaltu-Deba. Ruwan famfo na garin daga madatsar Dadin Kowa yake zuwa, tafiyar kilomita talatin da 'yan kai ta gabas. Garin kuma yana hawa ne daga gabas zuwa yamma, ke nan duk litar da za ta kai unguwannin tudu sai an tura ta da wuta ko man dizal. Inda bututu bai kai ba, ko ya kai amma ruwa ba ya zuwa kullum, nan bohol ta cike gurbi.

Ƙasar da ake haƙawa ba iri ɗaya ba ce, kuma wannan ne abin da dokar bai-ɗaya ba ta gani. Ta yamma akwai shimfiɗar Kerri-Kerri, yashi da tsakuwa da yumɓu masu kauri, wadda ruwan sama ke nutsewa cikinta ya yi nisa. Akwai inda sai an wuce mita 100 kafin a taɓa ruwa, kuma ita ce tushen tsohuwar wahalar ruwa ta yankunan Dukku da Akko. Mafi yawan garin yana zaune kan dutsen yashin Gombe, wanda ke cakuɗe da laushin yashi da laka da jijiyoyin ƙarfe. Yana ba da ruwa, amma a hankali, kuma sau da yawa ruwan yakan yi ja idan ya kwana a bokiti. Ƙarƙashinsa akwai shimfiɗar Pindiga, galibi laka mai tauri da farar ƙasa, dangin wadda ake haƙa a Ashaka don yin siminti. Laka ba ta sakin ruwa, ɗan abin da take bayarwa kuma yakan zo da zartsi. Sai can ƙasa ake samun shimfiɗun Yolde da Bima masu ruwa, waɗanda a wurare da yawa na cikin gari sun fi ƙarfin aljihun magidanci.

Ma'anar wannan ita ce shawarar "a ƙara zurfi" ba kullum take haifar da ɗa mai ido ba. Wanda ya huda dutsen yashin Gombe ya faɗa cikin lakar Pindiga zai iya biyan kuɗin ƙarin mita arba'in ko hamsin bai ƙara ko lita ɗaya ba.

Lissafin fili ɗaya

Mu ɗauki filin da aka saba yankawa, ƙafa 50 da 100, wato kimanin murabba'in mita 450. Ruwan saman Gombe yana kai milimita 800 zuwa 900 a shekara, kusan dukansa tsakanin Mayu da Oktoba. Abin da ke sauka a kan filin nan ya kai wajen lita 380,000. Mafi yawansa rana ce ke shanyewa ko ya bi kwari ya wuce. Ko da mun yi kyakkyawan zato mun ce kashi ɗaya cikin goma yana kaiwa ga ruwan ƙasa, lita 38,000 ke nan. Gida mai mutum goma, kowa na amfani da lita 50 a rana, yana jan lita 182,500 a shekara. Ya ɗebi kusan ninki biyar na abin da filinsa ya zuba, tun ma kafin a shafe tsakar gidan da siminti.

A da, gonaki da dajin da ke kewaye da gari su ne ke cike wannan giɓi. Yanzu su ake yankawa filaye. Wani ɓangare na ruwan da gida ya yi amfani da shi yana komawa ƙasa, gaskiya ne, amma ta masai da sokawe yake komawa. Wato dai tsabtataccen ruwa muke cirowa daga zurfi, muna mayar da mai datti ta sama.

Sai a kwatanta da bohol ɗin kasuwanci. Famfon da ke ba da lita 2,000 a awa, idan ya yi awa takwas, ya ja lita 16,000 a rana, jarka 640 masu cin lita 25. Abin da gida 32 irin na sama za su sha ke nan, kuma a lissafinmu yana buƙatar ruwan da ke nutsewa a fili kusan hekta bakwai. Masu fiya wata, wuraren wankin mota, gidajen bulo, otal-otal da masu sayar wa tanka duk a wannan sahu suke. Ba su kai gidaje yawa ba, amma su ke jan kaso mai nauyi, kuma suna taruwa ne a inda aka san ruwa na da kyau.

Sola ta sauya lissafin gaba ɗaya. Lokacin da janareta ke tuƙa famfo, kuɗin mai shi ne birki: ba wanda zai bar inji na ci a banza. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 mutane da yawa suka koma sola, abin da ya rage musu wahala ƙwarai. Sai dai famfon sola yana tashi da rana ya kwanta da ita. Idan ba a sa masa makunnin da ke kashe shi in tanki ya cika ba, ruwan da ya ɗauki shekaru yana taruwa zai yini yana malala a kwata.

"Ta ƙafe" ba cuta ɗaya ba ce

Idan aka ce bohol ta ƙafe, abubuwa huɗu ne ake tarawa a kalma ɗaya, kuma maganinsu daban-daban ne. Wani lokaci famfon ne ya cinye saboda yashi ko ƙarancin wuta. Wani lokaci tsagogin bututun da ruwa ke shigowa ta cikinsu ne suka toshe da tsatsa da laushin yashi, abin da ya zama ruwan dare a dutsen yashin Gombe. Wani lokaci maƙwabci ne: duk famfon da ke aiki yana jan saman ruwa ƙasa a kewayensa kamar mazurari, idan mazurari biyu suka haɗu kowanne ya ƙara nutsewa. Na huɗu shi ne wanda ya fi tsoratarwa, wato saman ruwan yankin gaba ɗaya ya sauka.

Ana rarrabe su da awo, ba da kallo ba. A kashe famfo da daddare, a auna zurfin saman ruwa da asuba kafin unguwa ta kunna nata, da igiyar awo mai ƙara idan bakinta ya taɓa ruwa. Idan saman ruwan yana inda yake tun ranar haƙa amma yana faɗuwa da sauri da zarar an kunna, matsalar a jikin rijiyar take, wanki da iska mai ƙarfi ko gyaran famfo zai wadatar. Idan da asuba yana sama, da rana ya nutse ko da famfon gidan a kashe yake, maƙwabta ne. Idan kuwa awon asuba na Afrilun bana ya fi na Afrilun bara nisa, na bara ya fi na bara waccan, to taskar ce ke raguwa, kuma babu mai haƙar da zai iya gyara wannan.

Duk wannan binciken yana buƙatar abu ɗaya: a san inda ruwan yake ranar da aka haƙa. A mafi yawan bohol na gidaje babu wannan bayani. Ba a rubuta irin ƙasar da aka ratsa ba, ba a rubuta inda aka sa bututu mai tsaga ba, ba a yi gwajin jan ruwa ba, ba a bar ƙaramin bututun da igiyar awo za ta bi ba. Dubban ramuka a gari, kowanne da zai iya zama ido da ake leƙa ƙarƙashin ƙasa da shi, amma an rufe su ba tare da an rubuta abin da aka gani ba. A ganinmu wannan ita ce babbar asarar da ake yi.

Buhu uku na siminti

An saba cewa a nisanta rijiya da masai da aƙalla mita 30. Shawara ce mai kyau a ƙauye. A filin da faɗinsa mita 15 ne, tsawonsa 30, ga sokawen gida, ga na maƙwabcin dama da na hagu da na baya, wannan tazara ba ta samuwa. Dokar da ta dogara da ita kaɗai za a karya ta tun ranar farko. Abin da ya rage shi ne kariya ta tsaye: a hana ruwan sama-sama gangarawa ta gefen bututu.

Ramin da inji ke haƙawa ya fi bututun faɗi. Ratar da ke tsakaninsu ana cika ta da tsakuwa wankakkiya mai girman milimita 2 zuwa 4 a daidai inda ruwa yake, a sa toshiyar yumɓu a samanta, a cike sauran, sannan a zuba kunun siminti zalla a mita biyar zuwa shida na sama. A cunkoson tsohon gari ya kamata simintin ya sauka har ya kama shimfiɗar laka ta farko, ko da ta fi haka nisa. Ramin inci takwas da bututun inci biyar suna barin ratar da ke cin lita 17 zuwa 20 a kowace mita. Buhun siminti mai kilo 50 da aka dama da lita 25 na ruwa yana ba da wajen lita 40. Mita shida ke nan buhu uku. A aikin da ake kashe miliyoyin naira, buhu uku ne ke tsakanin ruwan sha da ruwan sokawe, kuma su ake fara tsallakewa, domin mai gida ba ya ganinsu. Sai a mayar da ƙasar da aka haƙo cikin ratar, a yi ɗan daɓe a sama. Damina biyu ƙasar ta zauna, daɓen ya tsage, hanya ta buɗe daga kwata har zuwa bakin famfo.

Akwai kuma kurakuran da ke biyo baya. Ana haƙa rami ƙunci don a rage kuɗi, sai tsakuwa ta maƙale a hanya ba ta kai ƙasa ba. Ana yanka bututu da zarto a madadin sayen mai tsagar masana'anta ta rabin milimita zuwa milimita ɗaya, yashi ya riƙa shiga yana cin famfo. Ana jera tsagogi tun daga ruwan farko har ƙasa don a tara kowane ɗigo, wanda hakan ke haɗa gurɓataccen ruwan sama-sama da tsabtataccen na ƙasa, ba a gidan kaɗai ba, har da na maƙwabta. Mafi muni shi ne tsohuwar rijiya ko bohol da ta mutu a bar ta a buɗe, ko a mayar da ita ramin shara ko masai. Ya kamata a cike ta da yumɓu a toshe da siminti, kuma wannan ya zama sharaɗi kafin a yarda a haƙa wata a gidan.

Ma'aunin ruwan sha na Najeriya, NIS 554, ya fayyace iyaka: kada a sami E. coli, ƙwayar da ke nuna bayan gida ya shiga ruwa, ko ɗaya a mililita 100, sinadarin naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita, fuloraid 1.5, ƙarfe 0.3. Jan ruwan ƙarfe yana ɓata tufafi da ɗanɗano, shi mutane ke gani su yi ƙorafi. Naitiret kuwa ba shi da launi ba shi da wari, daga masai da taki yake zuwa, kuma haɗarinsa ya fi yawa ga jariran da ake dama wa madara da ruwan. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire shi, ƙara masa kauri ma take yi. Haka fuloraid, wanda mutanen yankin Kaltungo suka san tabonsa a haƙoran yara. Shi daga dutse yake fitowa, ba laifin kowa ba ne, amma gwaji ne kaɗai ke nuna shi. Gwajin da ya fi amfani shi ne na watan Agusta ko Satumba, lokacin da ƙasa ta jiƙe, ba na rani ba.

Inda doka ta tsaya

Dokar albarkatun ruwa ta 1993, wadda aka fi sani da doka mai lamba 101, ta ɗora ikon ruwan doron ƙasa da na ƙarƙashinta da ya shafi fiye da jiha ɗaya a hannun Gwamnatin Tarayya. Amma ta bar wa mai haƙƙin mallakar fili damar ɗibar ruwan ƙarƙashinsa kyauta don amfanin gida, shayar da dabbobi da ban-ruwan kansa. Ƙa'idojin amfani da ruwa da lasisi na 2016 sun tanadi lasisi ga masu haƙa da masu ɗiba don kasuwanci, ƙarƙashin NIWRMC, hukumar tarayya mai kula da albarkatun ruwa. Akwai kundin ƙa'idar gina rijiyoyi na 2010, NCP 027, wanda hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ta fitar tare da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna. Hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, tana da ƙa'idojin ingancin ruwan doron ƙasa da na ƙarƙashinta na 2011, NAFDAC kuma tana kula da ruwan leda da na gora. Takarda dai ba ta yi ƙaranci ba.

Giɓin yana wurare biyu. Na farko, bohol ɗin da ke cikin gida amma ta fito da famfo huɗu waje tana cika kurar 'yan ga-ruwa daga safe zuwa magariba, a takarda ta amfanin gida ce, a aikace masana'anta ce. Na biyu, hukumar da ke da ikon lasisi tana nesa, masu iko da fili da izinin gini kuma, wato gwamnatin jiha ta hannun hukumar tsara birane da GOGIS mai kula da taswira da takardun filaye, su ne ke kusa da ramin. Ƙudurin dokar ruwa ta ƙasa da aka yi shekaru ana jayayya a kansa, wanda Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a watan Yunin 2023, ya bar darasi: da zarar jama'a suka ji cewa za a nemi izini ko a biya haraji kan rijiyar gida, magana ta mutu. Kuma suna da hujja. Mutumin da ya haƙa bohol da kuɗinsa saboda famfon gwamnati bai kai gare shi ba, ba zai karɓi takardar haraji da fara'a ba.

A riƙe inji, a bar magidanci

Gidaje dubbai ne, injinan haƙa da ke aiki a gari kuwa ana iya ƙirga su, kuma ba sa ɓuya: mota ce babba mai ƙara da unguwa duka ke ji. Saboda haka wurin riƙe linzami shi ne injin. Kowane inji ya yi rajista a jiha, da sunan masanin ƙasa mai rajistar majalisar masana ƙasa (COMEG) ko injiniya mai rajistar majalisar injiniyoyi (COREN) da zai sa hannu kan aikinsa. Sabunta rajistar shekara ya dogara da miƙa takardar kammala kowace rijiya, shafi ɗaya tak: wurin da take a taswira, irin ƙasar da aka ratsa a kowace mita uku, zurfin rami, inda aka sa tsagogi, tsawon simintin toshiya, zurfin saman ruwa, sakamakon gwajin ja da na ɗakin gwaji. Kwafi ɗaya ga mai gida, ɗaya ga hukuma. Mai haƙa ya sanar da ranar zuba siminti, domin ita ce rana ɗaya da zuwan jami'i ke da amfani. Bayan ta, babu abin da ido zai gani. Wannan tsari yana kare masu haƙa na ƙwarai ma, waɗanda a yanzu masu tsallake siminti da gwaji ke karya musu farashi.

Gwajin jan ruwa bai kamata ya zama ado ba. Ga gida, awa shida ana ja da ƙarfi ɗaya ana auna faɗuwar ruwa, sannan a auna dawowarsa. Ga na kasuwanci, awa 24 aƙalla, tare da auna rijiyar maƙwabci mafi kusa a lokaci guda. Daga nan ake zaɓen famfo. Abin da aka saba shi ne a sayi famfo mafi ƙarfi da kuɗi zai iya saye, ya zuƙe rijiyar cikin minti ashirin, ya ja iska, ya ƙone. Famfon da ya dace shi ne wanda ba ya cin fiye da kashi biyu cikin uku na ruwan da ke samansa, an rataye shi sama da tsagogi, ba a cikinsu ba.

Rijiyoyin da ke akwai a yi musu rajista kyauta ta hannun masu unguwanni, ba tara, ba haraji, a kuma faɗi haka a fili tun farko. Ana iya haɗawa da gwajin ruwa mai rahusa don mutane su ga ribar fitowa. Layin da za a ja shi ne na yawan ɗiba, ba na sunan mai rijiya ba. Muna ganin lita 10,000 a rana iyaka ce mai ma'ana, domin ta ninka buƙatar babban gida sau da yawa. Wanda ya haura ta, ko kamfani ne ko gida mai sayarwa ko ma'aikatar gwamnati, ya sa mitar auna ruwa, ya karɓi izini mai adadi, ya riƙa kai karatun mita da awon saman ruwa duk wata uku.

A nan sai an yi hattara. Masu sayar da ruwa su ne famfon talaka. Rufe bohol ɗin kasuwanci a unguwar da bututu bai kai ba yana nufin tsadar jarka a gidan da ba shi da komai, da komawa ga rijiyoyi marasa zurfi da ruwan kwari, hanyar da kwalara ke bi. Don haka mita da gwaji ake buƙata a kansu, ba kwaɗo ba. Idan tilas ta sa a rage, a fara da wankin mota da bulo da ban-ruwan furanni kafin a taɓa ruwan sha. Wannan jeri ba baƙo ba ne a nan. Hadisi ya ce mutane abokan tarayya ne a ruwa da makiyaya da wuta, kuma fiƙihun Malikiyya ya san harimin rijiya, wato a hana wani yin abin da zai cutar da ruwanta. Mai unguwa ko limamin da ke sasanta maƙwabta biyu kan bohol yana da tushen da zai tsaya a kai, abin da yake rasa shi ne awon da zai nuna wa ya cuci wa.

Awon yankin kuwa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Rijiyoyi ashirin zuwa talatin da ba a ja, waɗanda akwai irinsu a makarantu da asibitoci da ma'aikatu, an zaɓe su a kan kowace shimfiɗa, a auna su sau ɗaya a wata. Ɗaliban ilimin ƙasa na Jami'ar Jihar Gombe za su iya ɗaukar wannan tare da hukumar ruwa, a riƙa aika sakamakon ga NIHSA, hukumar tarayya mai tattara bayanan ruwa, a kuma liƙa shi inda jama'a za su gani. Yankin Maiduguri ya nuna abin da ke faruwa idan ba a duba: rijiyoyin da ke tunkuɗo ruwa da kansu a kwarin Tafkin Chadi an bar da yawansu suna zuba dare da rana shekara da shekaru, har ƙarfin ya ragu, wasu suka daina.

Bayan shekara uku na awo za a iya raba garin da hujja. Inda saman ruwa ke dawowa kowace damina, rajista ta isa. Inda awon Afrilu ke sauka shekara uku a jere, a dakatar da sababbin bohol na kasuwanci, a sa tazara bisa gwajin ja, a kuma ƙarfafa rijiya ɗaya mai kyau ga layi guda a madadin goma marasa kyau. Inda gwaji ya nuna naitiret ko E. coli a rijiyoyi da yawa, a tsawaita simintin toshiya, a hana tsagogi a ruwan farko, kuma unguwar ta hau gaba a jerin masu jiran bututu. Gombe tana cikin jihohi bakwai na SURWASH, shirin samar da ruwa da tsafta a birane da karkara da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021, kuma irin wannan taswira ce ya kamata ta nuna inda sabon bututu zai fara bi. Takura wa bohol ba za ta yi tasiri ba sai a inda ruwan Dadin Kowa ke zuwa a ranakun da aka sani.

Saura mayar wa ƙasa abin da aka karɓa. Rufin kwano mai murabba'in mita 100 yana tara wajen lita 68,000 a damina, fiye da abin da muka ƙiyasta filin duka yana nutsarwa. Yanzu wannan ruwa titi yake bi ya ƙara wa kwarurrukan da ke cin gidaje ƙarfi. Izinin gini zai iya sharɗanta tankin tara ruwan rufi, rararsa ta shiga ramin tsakuwa da yashi mai zurfin mita biyu, a zubar da ruwan farko mai ƙura. Ramin ya nisanci harsashin gini da aƙalla mita uku zuwa biyar, ya kasance a ɓangaren da ba na sokawe ba, kuma kada a taɓa zuba ruwan rufi kai tsaye cikin bohol. A kan yashin tudun yamma wannan yana aiki sosai. A unguwannin da ke kan laka mai kumbura, da gidajen da ke bakin kwari, a tsaya ga tanki kawai, domin jiƙa ƙasa a can tsaga bango yake yi, ya kuma zaftare gaɓa.